Ranar Rabon Taki a Yankara

Tana tuƙin tuwo ta ji ƙarar marin da mijinta ya sharara wa ɗansu, magidanci guda. Wai a wajen rabon taki ɗan nasu ya ƙi durƙusa wa ɗan takara, har ya tambaye shi ina tsaron da ya yi alkawari. Aka soke sunan gidansu, ga damina ta kankama.

"Ka kashe mana gona, ɗan banza!" in ji tsohon yana huci. "Gobe ka tuɓe takalmi ka ba shi haƙuri!"

Ta yi jifa da muciya.

"Malam, manema bakwai na kora, har da mai babur, don kai kaɗai ka tsaya gaban hakimi da takalminka a kan haraji. Ina ka kai mani mijina?"