Jirgin da Bai Gaida Tasha Ba

Ka ce komai lafiya a wurin aikinka tunda ba wanda ya kawo kuka? To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata injiniya, 'yar wani matuƙin kwalekwale, da wani kamfanin jiragen ruwa na dakon kaya ya ɗauka ta tsara masa yadda labari zai riƙa gudana tsakanin jiragensa da tasha: wane jirgi ya tashi, me ya ɗauko, ina ya kai. Masu kamfanin sun so a saka wa kowane jirgi maɓalli guda, in ya shiga uku a danna, a kai masa ɗauki. Ta saka musu maɓallin, amma ta ƙara abin da ba su nema ba. Lokaci-lokaci na'urar kowane jirgi za ta aiko wa kwamfutar tasha kalma ɗaya tak, "lafiya", in kuwa lokacin ya wuce ba a ji ta ba, sai ƙararrawa ta tashi. Matuƙan jiragen me za su yi in ba dariya ba! Suka sa wa na'urar suna sarkin gaisuwa, har wani dattijo cikinsu ya rantse ko surukansa ba ya gaishe su haka. Ita dai ta yi murmushi. Ba su san cewa tana ƙarama kwalekwalen mahaifinta ya kife a tsakiyar kogi ba. Bawan Allah ya daɗe rungume da wani kututture, mutanen gari suna can suna cewa ai da wani abu ya faru da an ji. Ko da aka fita nema, hannunsa ya riga ya saki. Tun daga ranar ta san wanda ruwa ya ci ƙarfinsa ba shi da bakin kira.

Rannan da damina, da rana tsaka, hadari ya taso a bakin teku. Igiyar ruwa ta doki wani jirgi, ruwa ya cika ɗakin injin, wuta ta ɗauke, rediyo ya mutu, maɓallin nan na neman ɗauki ya zama ado. A tasha kowane jirgi ya aiko gaisuwarsa, ban da wannan. Ƙararrawa ta tashi, kwamfuta ta nuna inda aka ji shi na ƙarshe, jirgin ceto ya nufi wurin. Injiniyar tana tsaye gaban allo, tsoron ƙuruciyarta ya dawo mata sabo fil, addu'a kawai take kada wannan karon ma a makara. Aka tsamo mutanen jirgin duka da rai, har da dattijon nan mai surukai. Da aka kawo su tudu, ya ce a nuna masa injiniyar. Ya tsaya gabanta a jiƙe sharkaf yana karkarwa, sai ya ce, "'Yata, ina wuni?" Hawaye suka zubo mata, ta ce, "Lafiya lau, Baba."

To, ka ji. Wanda ya saba gaishe ka, ranar da ba ka ji ɗuriyarsa ba, kada ka zauna jiran kukansa, tashi ka neme shi. Hausawa sun ce, shiru ma magana ce.