Ranar da Inna Ta Kira Sunan Lawal

Ba zan rantse a kan komai ba. Ina ƙarami lokacin yaƙin basasa, kuma wataƙila na haɗa abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Amma ƙaurin gyaɗar nan ban manta ba.

Yayana Lawal ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa saboda kunya, sai dai "yaron nan". Soja ne, yana gadin tashar jiragen ruwa a Fatakwal. Wata la'asar a gidanmu na Zango, Inna na suyar gyaɗar ƙuli-ƙuli, wani soja ɗan Baure ya yi sallama, hannunsa a naɗe. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce jirgin sama ya saki bam a tashar, mutanen gari suka watse cikin kwale-kwale, mata da goyo.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaron nan fa?"

Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Da ni aka rufe shi."

Ta yi ta juya gyaɗar har ta ƙone. Can, a hankali, ta ce, "Lawal. Lawal."

Na yi karatu, na san yaro kan ƙirƙiri abin da bai ji ba. Duk wanda yake tsakar gidan ranar, don Allah ya gyara mini inda na kuskure. Amma in Inna ba ta kira sunan ba, ina roƙo kar a gaya mini.