Jan Biron Malam Haladu

Tunda ka ce kai ma an ɗora maka duba rubutun wasu, gyara zama in ba ka misali.

Wata ƙungiyar manoman rani ce ta samu irin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ake aike kamar mutum. Manomi zai yi mata magana ta waya, ita kuma ta zaɓi abin da za ta taɓa: ko famfon da ke ba fili ɗaya ruwa, ko babbar ƙofar da ke sakar wa fadama gaba ɗaya ruwa, ko ma'aunin danshin ƙasa. Sai dai ba ta da ido, ba ta kuma taɓa taka gona ba. Abin da aka rubuta mata game da kowane kayan aiki shi ne iyakar saninta. Aka ba Tasalla, wata mai noman albasa, aikin rubuta bayanan, aka ce sakataren ƙungiya Malam Haladu ya duba ya sa hannu.

Shekara goma sha biyu Malam Haladu ne alƙalamin ƙungiyar. Wasiƙa shi, jawabin maraba shi, kuma in ya karanta sai an gyaɗa kai. Ran da ya ji shugaba yana cewa, "Rubutun Tasalla ko makaho ya kama hanya da shi," abin bai yi masa daɗi ba. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya san haka, amma ya kira ta kishin ƙungiya. Ya ɗauki jan biro ya bi takardun. A gefe ya jera laifuffukanta: ta ɓata layi guda tana faɗin lokacin da bai kamata a buɗe ƙofa ba, ta nanata cewa da minti ake ƙirga ban ruwa, kamar wani bai sani ba, ta kawo misalin maganar manomi, sai ka ce darasin 'yan aji ɗaya, ga shi babu ko kalma ɗaya mai daɗin kunne. Ya soke duka, ya rubuta nasa. Babbar ƙofa ta zama "uwar albarka, mai shayar da shuka a lokacin ƙishi," famfo kuma "mai gaggawar kai ruwa ga amfanin gona." Ya karanta wa kansa sau uku, ya ji ransa ya yi sanyi. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa yadda wanda bai san fadama ba zai bambanta biyun ba.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, wani manomi ya ce da na'urar, "A ba tumatirina ruwa, ƙishi ya kama shi." Ta duba abin da aka rubuta mata, ta ga mai shayar da shuka a lokacin ƙishi, ta buɗe babbar ƙofa. Kafin a ankara ruwa ya haye kunyoyi ya kwantar da dashen da bai kama ƙasa ba, har da na Malam Haladu, wanda filinsa ne a gangare. Aka taru a gindin mangwaro ana ta zagin na'ura, shi kuma yana taya su da ƙarfi. Shugaba dai ya ce a kawo takardun, na da da na yanzu. Injiniyar da ta haɗa musu na'urar ta ɗauko saƙonni ashirin na manoma ta gwada kowane rubutu da su a gaban kowa. Da na Tasalla na'urar ta dace sau goma sha tara. Da nasa, sau goma sha ɗaya.

Sai injiniyar ta tsaya a kan jan rubutun da ke gefe ta karanta a fili, ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya tsamo sirrin kyakkyawan bayani dalla-dalla haka ba. Da Malam Haladu bai bi takardun da idon neman aibi ba, da ba wanda zai lura da abin da ya sa nata ke aiki, don ita kanta Tasalla ba ta san ta yi wani abin kirki ba. A wurin aka yanke cewa waɗannan abubuwan da ya kira laifuffuka su ne ma'aunin da za a riƙa duba kowane bayani da shi, kuma Tasalla ce za ta riƙa dubawa, har ƙungiyoyin maƙwabta suka fara aiko mata nasu. Da yake babu mai kyan rubutun hannu kamar Malam Haladu, shi aka sa ya kwafe ma'aunin a babbar takarda, da sunanta a sama, ya manna a ƙofar ofis.

To ka ji. In an miƙo maka aikin wani, ka auna shi da wanda zai yi amfani da shi, ka kuma leƙa zuciyarka kafin ka buɗe biro. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.