Ungulun Mahautar Batsari

Ɗanjuma ɗan acaɓan Yasore ya ce shi yanzu ido ba ya ganinsa. Wai ya samo layar zana wurin wani tsoho can cikin daji, ko ta gaban 'yan bindiga ya ratsa da babur, iska kawai suke ji. Ba ya nuna wa kowa ita. Tana ɗaure a damtsensa, sai dai ya ƙwanƙwasa ta saman riga ka ji ƙwas.

A lokacin ungulu sun kusa ƙarewa a mahautar Batsari. Da can in an yi yanka sai an kore su da sanda. Yanzu masu sayen kan ungulu da ƙafarta don haɗa magani sun bar guda huɗu tak, mushe ya kwana uku yana wari ba mai ɗauka. Sarkin Fawa Mamman ya kafa doka: wanda ya taɓa ungulu kada ya ƙara tako mahauta.

Da masu kula da tsuntsaye suka zo daga Katsina neman wanda zai shugabanci masu gadin ungulun, Sarkin Fawa bai yi dogon tunani ba.

"Ga mijin ɗiyata, Ɗanjuma. Ya san daji, ba ya tsoro. Ni na tsaya mashi."

Ranar da za a ba shi aikin, mahauta ta cika, har masu tsire sun bar wuta. Ɗanjuma ya sha sabuwar shadda, ya zauna dama da surukinsa. Shugabar baƙin, Malama Bara'atu, ta ce kafin komai tana da tambaya. Akwai ɗaya cikin huɗun da suke bin sawunta ta wata na'ura da suka ɗaura mata, kwana goma ke nan ta rikita su.

"Baba, ungulun nan ta daina tashi sama. Hanya take bi. Ta je Darini sau uku. Ranar kasuwa a Runka ta wuni. Ran Juma'a kuwa har masallaci ta shiga."

Wuri ya kaure da dariya, ta Ɗanjuma ta fi ta kowa.

"Ai tuba ta yi, Malama! A bar baiwar Allah."

"Daji fa, tana shiga?" in ji wani mahauci.

"Ko kusa. In ta doshi daji sai ta tsaya gindin wani mangwaro a bakin gari, ta yi awa biyu, ta juyo."

Aka sake darawa. Wannan karon Ɗanjuma haƙora kawai ya buɗe.

"To yanzu tana ina, ɗiyata?" Sarkin Fawa ya tambaya.

Malama ta duba wayarta, ta sake dubawa. Ta miƙe tana tafiya a hankali, mutane na ba ta hanya, har ta tsaya gaban tabarmar manya.

"Tana nan, Baba."

Kowa ya ɗaga kai sama. Babu ko tsuntsu ɗaya. Ita kam ba sama take kallo ba.

"Malam Ɗanjuma, don Allah naɗe hannun rigarka."

Ya dubi surukinsa. Tsohon ya sunkuyar da kai tun kafin a ga komai. Ɗanjuma ya naɗe hannun rigar, sai ga layar a fili: wani baƙin abu mai ɗan gilashi da wutsiyar waya, wanda ya yanko daga bayan ungulun da ya kama da tarko ya sayar, yana cewa a ransa layar da aka ɗaura wa tsuntsu ai ba ƙaramar laya ba ce.