Muddin Injin Bai Mutu Ba

Hazo ya haɗiye mijina Wade tun bai kai rabin dutsen ba. Sai kukan babur ɗinsa na dusar ƙanƙara muke ji.

"Kwantar da hankalinki, matar yaya," in ji ƙanensa Darcy. "Jiya muka rage wa kulocin nauyi don kada injin ya shaƙe a can sama. Ji yadda yake ja!"

Kwatsam kukan ya sauka, ya koma gurnani. Na juya wajen Darcy.

"Ya faɗi, Darcy!"

"Haba ke kuwa! Kin manta da igiyar kashe inji da ke maƙale a rigarsa? Da ya faɗi, da ta fizge, injin ya mutu nan take. Muddin kina jin ƙara, mijinki na kai."

Na kasa kunne kamar numfashinsa nake saurare. Ƙarar tana ta matsowa. Darcy har ya fara yi mini dariya.

Babur ɗin ya silalo daga cikin hazo, ya tsaya gabanmu yana gurnani. Ba kowa a kai. Igiyar tana naɗe a sitiyari, inda Wade ya ɗaure ta jiya don kada ta dame shi wajen gyara.