Ranar da Baba Norris Ya Koyi Taka Birki

Takardar rajistar makarantar koyon tuƙin babur tana da tambaya guda mai muhimmanci: ka taɓa tuƙa babur a kan titi? Tsohon ya rubuta "a'a", ya miƙa wa Glenys Probert bironta.

Glenys ta ji sanyi a ranta. Wata uku ke nan da ta baro Wales ta zo wannan garin na Yorkshire a Ingila, aka ɗauke ta koyar da kwas ɗin kwana biyar, wanda ake shiga Litinin a yi jarrabawar lasisi Juma'a. Mai makarantar, Mista Haigh, ya yanke cewa kwas ɗin bai dace da wanda bai taɓa hawa babur ba, domin sababbin shiga shida sun faɗi a jere. Ya gaya mata ta waya daga ɗaya reshen makarantar: in wani sabon shiga na gaske ya ci a wannan makon, kwas ya ci gaba. In ba haka ba, kwas ya tafi, ita ma ta bi shi.

Sabon shigan da ta samu shi ne Norris Cawthorne, mai shekara sittin da takwas, yana ɗan ɗingishi, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu.

Ran Litinin ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya nuna ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar dama.

"Malama, wannan fa na mene ne?"

"Birki ne, Baba."

"Har da wannan na hannun?"

"Shi ma."

"Biyu," in ji shi. "To, madalla."

Glenys ta rubuta a littafinta: bai san komai ba. Ta ja layi a ƙarƙashi.

Abu ɗaya ya iya, shi ne tashi. Sauran ɗalibai babur ya yi ta mutu musu, shi kuwa da ya saki kuloci sai ka gan shi a ƙarshen fili. Matsalar ita ce tsayawa. Yakan sassauta totur ne kawai ya jira babur ya gaji don kansa. Sau biyu shingen makaranta ya taimaka masa.

Talata ta gano bai yarda da giyar babur ba. In ta ce ya sa ta biyu, sai ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. Game da madubi kuwa, ya ce abin da ke baya ya riga ya wuce.

Laraba suka fita titi, tana biye da shi tana magana ta rediyon kunne. Kwanar hagu yakan sha ta sumul, ya miƙe ƙafar hagu tana sharar kwalta.

"Ɗauke ƙafar nan, Baba! Ba shara aka ɗauke ka ba."

Kwanar dama kuwa sai ya sandare kamar an ɗora katako a kan sirdi. A shataletalen tsakiyar gari, inda dole a zagaya ta dama, sai da direban wata bas ya leƙo zai yi zagi. Ya ga fuskar tsohon, ya haɗiye zagin, ya ɗaga masa hannu. Glenys ta lura mutanen garin nan suna girmama tsofaffi.

Da rana suna cin kifi da soyayyen dankali a kan benci, ta tambaye shi abin da ya kawo shi da tsufansa.

"Wani taro za a yi Asabar," in ji shi. "An ce in zo a kan babur. 'Yan sanda suka ce sai da takarda."

Alhamis ta sallami sauran da wuri, ta tsare shi awa uku. Birki, giya, madubi, dama. Birki, giya, madubi, dama. Suka zagaya shataletalen nan sau goma sha tara, har ta gaji da ganin gunkin tagullar da ke tsakiyarsa, wani mutum a hular kwano kan babur da ya karkace. Baba Norris bai ko dubi gunkin ba. Ya ce an yi masa hanci da yawa, wanda ta ɗauka ra'ayi ne kawai.

Juma'a ya ci, da ƙananan kurakurai huɗu. Mai jarrabawar ya daɗe riƙe da hannunsa.

Glenys ba mai tsallen murna ba ce. Ta shiga ofis, ta haɗa shayi, ta kira Mista Haigh ta ce ya zo ya gani da idonsa: mutumin da ran Litinin bai san birki ba. Ta shirya abin da za ta faɗa. In wannan ya iya a kwana biyar, kowa zai iya.

Mista Haigh ya iso ƙarfe huɗu. Ya fito daga mota, ya ga tsohon zaune a kan benci yana cin biskit, ya tsaya cak. Ya cire hularsa. Sai ya laluba aljihu ya fito da biro, ya juya baya, ya roƙi tsohon ya sa masa hannu a kan rigarsa.

"Wannan ne sabon shigan naki?"

"Shi ne. Ga takardarsa. Bai taɓa tuƙi a kan titi ba."

"Bai taɓa ba," in ji Mista Haigh, yana mayar da hularsa a hankali. "Glenys, gunkinsa kike zagayawa kullum. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsere a filin ƙasa, sau huɗu yana zama zakara, a kan baburan da ba su da birki, ba su da giya, kuma hagu kaɗai suke juyawa."