Layin da Akwati Ya Datse

Ka ce a wayarka komai ya zauna daram, babu harafin da ya fita daga gurbinsa. Na yarda, Nafi'u, ni ma idona ya gani. Amma ja kujera kafin ka sakar wa jama'a manhajar nan, in ba ka wani misali.

An yi wani matashi mai haɗa manhajar waya, mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Ya haɗa wa masu kiwon kaji wata manhaja da ke tuna musu ranar rigakafi da yadda ake haɗa maganin. Mutum ne mai son tsari har ya yi yawa, irinka sak, in ya ga sarari ya rage a fuskar waya sai abin ya tsaya masa a rai. Don haka kowane akwatin rubutu sai ya auna shi daidai da haruffan wayarsa, ya yanke masa tsawo, ya kulle, kamar telan da ya ɗinka riga cif-cif bai bar wa mai ita wurin ƙiba ba. Ya gwada a wayarsa, ya gwada a ta abokansa, duk samari masu ido garau, duk da irin rubutun da waya ta zo da shi daga kamfani. Suka yaba, ya ji daɗi.

A wani gari kuma akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ta kama kiwon kaji don kada ta zama mai miƙa wa 'ya'yanta hannu kullum. Idonta ya fara hazo, tabarau kuwa ciwon kai yake sa ta. Sai ta kai wayarta wurin mai gyara a bakin kasuwa, ya sauya mata salon rubutun gaba ɗaya, ya sa mata wasu haruffa masu kauri da tsayi. Ta dawo gida tana sa masa albarka. Da lokacin rigakafin 'yan tsakinta ya yi, ta buɗe manhajar ta karanta a tsanake, tana bin kowace kalma da yatsa: a hana su ruwa da sassafe, a narkar da maganin a ruwa, a ba su kafin rana ta yi zafi. Nan rubutun ya ƙare a wayarta. A wayar matashin kuwa akwai sauran layi a ƙasa, mai cewa a sa ruwan rijiya, domin sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe ƙarfin maganin. Manyan haruffanta sun tura wannan layin bakin akwati. Akwatin a kulle yake, ba ya ƙara tsawo, ba ya jawuwa sama, sai ya datse layin ya bar 'yan kawunan haruffa suna leƙe.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, da rijiya a tsakar gidanta. Amma ta ce ai magani ya fi ƙarfin ruwan da guga ke shiga yana fita. Ta ɗauki jarka, da ciwon gwiwarta da komai, ta taka har famfon unguwa don ta samo wa 'yan tsakin ruwan da ya fi tsabta. Da annobar kaji ta ratso garin, na maƙwabta suka tsallake, nata suka riƙa sunkuyar da kai suna faɗuwa, har akurki ya zama wayam. Ba ta zargi kowa ba. Ta ce tsufa ne, wanda idonsa ya tafi ina shi ina bin umarnin waya.

Labari ya kai wa matashin ta bakin shugaban ƙungiyar masu kiwon. Ya taso har gidan dattijuwar da wayarsa a hannu, a shirye yake ya nuna wa kowa gargaɗin nan ɓaro-ɓaro. Dattijuwar ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa, ta saurare shi har ya gama, sannan ta miƙa masa tata wayar. Ya daɗe yana kallon 'yan ɗigon da ke gindin akwati.

"Ai na gan su, ɗana," in ji ta. "Na zaci ado ne ka yi."

Kunya ta hana shi ɗaga kai. Sai ya ce bari ya mayar mata da rubutun yadda kamfani ya yi shi, komai zai fito. Ta karɓe wayarta a hankali.

"A'a, bar min haruffana. Da waɗannan nake gani."

Ya koma gida ya buɗe kowane akwati, ya bar shi ya riƙa miƙewa gwargwadon rubutun da ke cikinsa. Ya riƙa aron wayoyin tsofaffi da na masu son rubutu mai lanƙwasa yana gwadawa, manhajar ta rage kyau a idonsa bai damu ba. Amma gyaran bai mayar da tsako ko ɗaya akurkin baiwar Allah nan ba, kuma ya san haka.

To, Nafi'u, ba na ce ba ka iya aiki ba. Tashi ka ari wayar wanda idonsa ba irin naka ba ne, ka buɗe manhajar a ciki, ka tambaye shi abin da ya gani. Kai ka yi ginin, amma wani ne zai kwana a ciki ranar da aka yi ruwa, kuma Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.